Wushiryar ƙanwata da shaidar miyau

A gidanmu na Maraɗi babu mai wushirya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙan rai, haƙoransa a jere suke kamar ƙwayar masara a jikin totuwa, Inna ma haka, mu ƴaƴansu bakwai kuma haka muka taso. Saboda haka a shekarar 2019, lokacin da ƴar autarmu ta cika shekara 16, da aka lura haƙoranta biyu na gaba, na sama, sun soma rabuwa da juna, sai gida ya ɗauki abin da murna. Gwaggonmu ta ce gadon kakarmu ce ta wajen uba, wadda a cikinmu babu wanda ya riske ta balle ya ƙaryata. Ƙawayenta suka riƙa sa ta dariya da gangan don su gani. Ni kaina, da nake taƙama na zauna lise har na yi karatun halittar ɗan Adam a aji, abin da na iya faɗi shi ne sadakinta ya ƙaru da jika 50.

Mai karatu ya san matsayin wushirya a wurin Bahaushe, ba sai na tsaya bayani ba. Abin da babu wanda ya tsaya ya tuna a cikinmu shi ne, wushirya ta gaskiya da ita ake tasowa, tun fitowar haƙoran girma ake ganinta. Wadda ta zo daga baya, bayan haƙora sun yi shekaru a haɗe, akwai abin da ya kawo ta.

Akwai wata alama kuma da muka gani muka wuce. Kan asawakinta yakan yi ja. In ta gatsa ɗanyen mangwaro sai ka ga jini a gurbin cizon. Inna takan ce mugun jini ne yake fita, gara waje da ciki, ta kaɗa mata ruwan gishiri mai ɗumi ta kuskure baki. Ba a yi zargin komi ba, domin a duk gidan babu wanda ya kai yarinyar nan tsabtar baki: asawaki a kowace alwala, buroshi da man haƙori safe da dare, ba ta cin goro, ba ta kusantar taba. Haƙoranta fari fat. Kuma ko rana ɗaya ba ta taɓa cewa suna yi mata ciwo ba.

Washegarin sallar layya ta 2023, ana rabon naman da aka gasa, na zo gida hutu daga Yamai, sai ta ja ni gefe bayan ɗakin girki, ta ce, «Yaya, dubi nan.» Ta sa harshe ta tura haƙorin gaba, haƙori ya yi gaba, ta saki, ya komo. Shekararta 20 a lokacin. Na ce mata ba komi, nama ne ya yi tauri. Amma daren nan ban runtsa ba, kuma da hutu ya ƙare tare muka hau mota, fiye da kilomita 600, muka tafi Yamai wurin likitan haƙori.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai zane-zane a tsininsa kamar na ma'aunin tela, kowane zane milimita, ta riƙa zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi tana faɗin lamba, mataimakinta yana rubutawa. Daga baya ta gaya mini cewa a bakin mai lafiya ƙarfen nan ba ya nutsewa fiye da milimita 1 zuwa 3, in ya kai 4 an soma magana. A bakin ƙanwata, yawancin haƙora 2 ne, 3 ne, sai da aka zo haƙoran gaba da turamen farko, na sama da na ƙasa, na ji ana kiran 7, ana kiran 8, har da 9. Aka yi mata hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo. Likita ta ɗaga hoton ta nuna mini. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Gulbin Maraɗi bayan damina ya ga itacen da ruwa ya zaizaye ƙasar gindinsa, kansa kore shar, saiwoyinsa a waje, to ya ga abin da na gani. Ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya janye har rabin saiwa, haƙoran kuwa da suka rasa abin jingina sai suka karkace, suka buɗe. Wushiryar da muka yi shekara huɗu muna yabo ke nan.

Na ce, «Likita, ai ba ta taɓa jin ciwo ba.» Ta ce, «Malam, shi ya sa suke zo mana a makare. Da tana da shekara 16 kuka kawo ta, da aikin bai wuce wanki ba.»

Tun daga ranar nan na shiga karance-karance a kan wannan ciwo, ba don in zama likita ba, sai don in san inda muka yi sake. Abin da na fahimta, a taƙaice, shi ne ciwon dasashi hawa biyu ne. A bakin ɗan Adam akwai ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, masana sun ƙirga iri wajen 700, kuma tun a 1683 wani ɗan kasuwar yadi na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dauɗar haƙoransa ya sa ƙarƙashin gilashin da ya sassaƙa da hannunsa, ya gan su suna motsi. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke taruwa su yi farar dauɗar nan mai yauƙi a gindin haƙori. In ba a goge ta ba sai ta daskare ta yi kanta, ta zama kamar dutse, wadda asawaki da buroshi ba su iya cirewa. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini. Wannan shi ne hawa na fari, kuma yana warkewa sarai. A 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya gwada abin a garin Aarhus na ƙasar Danmak: ya sa mutum 12 masu lafiyar baki, yawancinsu ɗalibai, su daina goge haƙora. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda abin ya washe.

Hawa na biyu shi ne wanda ba a komowa daga gare shi. Kumburin yakan gangara ƙasa, ya kai ga zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi, ya cinye su, ya soma cin ƙashin kansa. Abin mamaki, galibin ɓarnar ba ƙwayoyin cutar ke yin ta da kansu ba. Jiki ne yake aiko fararen ƙwayoyin jini su yi yaƙi, su kuwa cikin zafin yaƙin sai su zubo wasu sinadarai masu narkar da nama, kamar mai gida da ya sa wa danga wuta don ya kori ɓera. Ƙashin da ya tafi kuma, in ban da ɗan abin da aikin tiyata mai tsada ke iya maidowa a wasu gurabu, ya tafi ke nan.

Ba ƙaramin ciwo ba ne a duniya. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta fitar a 2022 ya ce mutum wajen miliyar 3 da rabi ke fama da cututtukan baki, kuma ciwon dasashi mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin 100 na manya, fiye da mutum miliyar 1. Mu a Nijar ma mun san wata fuska tasa mafi muni, cutar noma mai cin fuskar ƙananan yara masu tamowa, wadda ita ma daga kumburin dasashi take somawa, wadda OMS ta sa cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. Amma wannan wani zance ne dabam, na wata rana.

Tambayar da ta fi damuna ita ce: don me ita? Na san ƴan fada da yawa waɗanda ke kwana shan shayi mai sukari da sigari, buroshi bai san bakinsu ba, ga su da haƙoransu 32 daram. Amsar farko na same ta a wani bincike da shi dai Löe da abokan aikinsa suka soma a 1970 a gonakin shayi na ƙasar Siri Lanka. Sun bi leburori maza 480 shekara 15, mutanen da ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, kusan dukansu bakinsu cike da kanta. Sakamakon da suka bayyana a 1986 ya nuna kashi 11 cikin 100 ciwon bai wuce hawa na fari ba duk da dauɗar, kashi 81 ya ci su a hankali, kashi 8 kuwa ya ci su da gaggawa tun suna samari, har kafin su wuce shekara 45 babu sauran haƙori a bakinsu. Dauɗa ɗaya, abinci ɗaya, aiki ɗaya, amma makoma uku. Aikin likita ke nan ya gano waɗannan 8 ɗin tun suna da shekara 15 ko 18, lokacin da ido bai ganin komi, su ma ba su jin komi. A nan ne miyau ya shigo cikin zancen.

Mu Hausawa muna da hulɗa iri biyu da miyau. A gefe ɗaya ƙazanta ne, ana tofar da shi a tsallake, musamman a watan azumi. A ɗaya gefen, malami yakan yi addu'a ya tofa wa marar lafiya, kuma in dattijo zai yi magana a taro sai a ce ya tofa albarkacin bakinsa. Ba mu taɓa ɗaukarsa shaida ba, alhali shaida ne. Mutum yakan fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Kashi 99 cikin 100 nasa ruwa ne, amma ɗan kason da ya saura ɗauke yake da labari, domin miyau yana wanke kowane lungu na baki, kuma daga ɗan ramin nan da ke tsakanin haƙori da dasashi akwai wani ruwa da ke tsattsafowa daga jini yana gauraya da shi. In dasashi na lafiya ruwan kaɗan ne. In yaƙi ya tashi sai ya ƙaru, ya kwaso makaman yaƙin da gawawwakin ya zubo su cikin baki. Wanda ya iya karanta miyau, ya san abin da ake ciki a ƙarƙashin dasashi ba tare da ya zura ƙarfe ba.

Cikin makaman nan, wanda masana suka fi sa wa ido shi ne wani sinadari da ake kira MMP-8. Fararen ƙwayoyin jini ne ke fitar da shi, aikinsa kuwa yanka kolajen, watau zaren da aka saƙa dasashi da maɗaurin haƙori da shi. Yakan zauna a kwance kamar wuƙa cikin kube, sai an zare shi yake yanka, shi ya sa awon ke neman zararren, wanda ake rubutawa aMMP-8. Hikimar abin ita ce, ƙarfen likita da hoton radiyo suna auna ɓarnar da ta riga ta auku, shi kuwa wannan yana nuna cewa ana cikin yankan a yanzu. Farfesa Timo Sorsa na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan shi ne ya fi daɗewa a kan wannan aiki, kuma daga bincikensa aka ƙera ɗan abin awo da wani kamfanin Jamus ke sayarwa da sunan PerioSafe.

Yadda ake yi ba wuya. Mutum ya kuskure baki da ruwa ya zubar, ya dakata minti ɗaya, a ba shi wani ɗan tsabtataccen ruwa ya kuskure daƙiƙa 30 ya tofa cikin ƙaramin kofi. A zuƙe da sirinji, a tace, a ɗiga ɗigo kaɗan a kan ɗan faifan roba. Bayan minti 5 a duba: zane ɗaya, lafiya, zane biyu, sinadarin ya haura iyakar da aka sa, nanogaram 20 cikin mililita ɗaya. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa CSI da zazzaɓi aka soki yatsansa aka ɗiga jini a ɗan faifan awon masassarar cizon sauro, to ya san siffar abin, dabarar ɗaya ce. Bambancin kawai, nan babu allura. Kuma awon ruwan baki ba baƙon abu ba ne ga likitoci: tun 2004 Amurka ta yarda da awon sida na nan take da ruwan dasashi, a 2020 kuma aka yi amfani da miyau wajen neman cutar korona.

An gwada awon aMMP-8 a kan matasa ƴan shekara 15 zuwa 17 a Finlan, aka buga sakamakon a 2016. Kafin nan, a 2014, likitocin haƙori na kudancin Najeriya sun gwada shi a kan majinyatansu, suka ga yana tafiya daidai da jinin dasashi da zurfin ramukan da suka auna da ƙarfe. Ban da shi akwai wasu alamomin da ake nema a miyau, kamar sinadarin kumburi da ake kira IL-1 beta, da kuma sawun ƙwayoyin cutar kansu, wanda ake ganowa da na'urar PCR a ɗakin bincike.

Maganar ƙwayoyin cutar nan ce ta fi shafarmu, mu mutanen wannan yanki, kuma ita ce amsa ta biyu ga tambayata. Akwai wata ƙwaya mai dogon suna, Aggregatibacter actinomycetemcomitans, wadda ake samu a bakin mutane ko'ina a duniya, galibi ba tare da ta yi wata ɓarna ba. Amma a cikin danginta akwai wani reshe da ake kira JP2, wanda wani ɗan guntu ya ɓalle daga ƙwayar gadonsa, abin da ya sa yake fitar da dafi mai kashe fararen ƙwayoyin jini ninki da yawa fiye da ƴan'uwansa. Wannan reshe an fi samunsa a Arewacin Afirka da Afirka ta Yamma da zuriyar mutanen waɗannan wurare a ƙetare, kuma ta miyau yake bi daga mutum zuwa mutum a cikin gida ɗaya. Wata likita ƴar Danmak, Dorte Haubek, da abokan aikinta sun auna ƴan makaranta 700 a Rabat ta ƙasar Maroko, suka komo bayan shekara 2 suka sake duba 428 daga cikinsu. Sakamakon da jaridar likitoci The Lancet ta buga a 2008 ya nuna yaran da ke ɗauke da JP2 shi kaɗai haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ninka na waɗanda ba su da ƙwayar sau 18. Daga bisani an yi irin wannan bincike a kan matasan Gana, can ma aka tarar da shi. Ciwon da aka fi danganta shi da wannan ƙwaya yana da siffa sananniya: yana somawa wajen balaga, yana zaɓar haƙoran gaba da turamen farko, kuma sau da yawa a baki mai tsabta. Da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na fita waje na sha iska. Ba a yi wa ƙanwata awon JP2 ba, don haka ba ni da ikon in ce shi ne. Amma siffar tata ce, layi bayan layi. Maroko tana arewa da mu, Gana tana kudu, mu muna tsakani, ga ayarin fatake ya yi ɗaruruwan shekaru yana kai da kawowa.

To, kada mai karatu ya zaci na zo tallar magani ne. Na san halinmu, da an ji sabon abu daga Turai sai a ɗauka ya gama komi, gobe ka gan shi a faifan mai tallar ƙwayoyi a tasha, ya sha rana ya lalace. Awon miyau yana da iyaka, kuma masu yin sa ma ba su ɓoye ba. Ba ya gaya maka wane haƙori ne ke cikin haɗari, baki duka yake aunawa a dunƙule. Sa'annan yakan bar marasa lafiya su wuce: wani bincike da aka yi a Hong Kong a kan mutum fiye da 400, wanda aka buga a 2021, ya tarar cewa in an yi amfani da shi shi kaɗai, kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon yake kamawa, ko da yake da wuya ya ɗora wa mai lafiya ciwon da ba shi da shi. Watau in ya ce akwai, a gaggauta. In ya ce babu, kada a saki jiki. Shi ya sa a babban taron da likitocin dasashi na Turai da Amurka suka yi a Shikago a 2017, inda suka sake tsara yadda ake rarraba wannan ciwo, sun bar wa irin waɗannan awo gurbi don gaba, amma hukunci suka bar shi a hannun ƙarfe da radiyo.

Duk da haka ina ganin darajar abin a wurinmu ta fi darajarsa a wurin waɗanda suka ƙera shi. Yaron Helsinki, ko da awo ko babu, hukuma za ta kira shi likitan haƙori ya duba shi tun yana makaranta. Namu fa? A nahiyar Afirka kudu da Sahara, in an yi lissafi, likitan haƙori ɗaya bai samuwa ga mutum 10,000, kuma kowa ya san waɗanda muke da su a manyan birane suke. Cikakken awo da ƙarfe yana bukatar a zura shi wuri 6 a kowane haƙori, a haƙora 28, wuri 168 ke nan a baki ɗaya, ga kujera, ga fitila, ga tafasa kayan aiki, ga hannun da ya ƙware. Ba za a yi wa ƴan lise na Tasawa ko Madawa ko Matamai wannan ba, ko da an so. Amma majo na CSI, wanda ya riga ya saba da faifan awon masassara, yana iya shiga aji da kofuna da ruwa ya tace yara 60 a hantsi ɗaya, ya ware waɗanda zanensu ya fito biyu, ya haɗa da waɗanda suka ce suna ganin jini a asawaki, ya rubuta masu takarda zuwa wurin likitan haƙori. Ko da rariyar tana da manyan ƙofofi, ta fi babu rariya, domin a yau rariyarmu ɗaya ce, ita ce ciwo, shi kuwa wannan ciwo ba ya ciwo.

Sai dai a nan ma akwai abin da ke sa ni jinkiri. Abin awon daga Turai yake zuwa, da kuɗin Turai ake sayensa, kuma sau ɗaya ake amfani da kowane faifai. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata da ɗan kasuwar da ke lissafin kowace dala za su tambaye ni, da gaskiyarsu, ko ba gara a sa kuɗin a wani wuri ba. Babbar matsalar ma ba ta kuɗin awon ba ce. A ce an auna yarinya a wani ƙauye na Dakwaro, zane ya fito biyu. Sai me? Maganin shi ne a kankare kantar da ke ƙarƙashin dasashi, a goge saiwar haƙori, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyin kashe cuta, a kuma riƙa komowa ana dubawa. In babu mai yin wannan kusa da ita, to abin da aka ba ta tsoro ne kawai a cikin takarda. A ganina, duk hukumar da za ta sayo faifan awo 1,000, ta fara horar da mutum biyu masu iya wankin haƙori ta ba su kayan aiki. In aka juya tsarin, an ɗaura sirdi babu doki.

Kafin wannan rana ta zo, akwai awon da ba ya cin ko dala, wanda da mun yi shi a 2019 da ban rubuta wannan takarda ba. Kan asawaki fari ne. In ya yi ja yau, ya yi ja gobe, ya yi ja mako biyu a jere duk da ana gogewa da kyau, to wannan jinin ba mugu ba ne mai neman hanyar fita, dasashi mai lafiya ba ya jini. Masu shan sigari su ma kada su yi murna don ba su ganin jan, domin taba tana matse jijiyoyin dasashi ta ɓoye jinin alhali ɓarnar ta fi sauri a bakinsu. Mai ciwon sukari shi ma nasa ya fi saurin ci, kuma kumburin dasashin yakan komo ya dagula masa sukarin. Sai kuma warin baki da ba ya jin man haƙori, da haƙorin da ya soma tsawo, da wanda ya sauya wurin zama.

Ƙanwata ta sha wanki zama huɗu, aka ba ta ƙwayoyi na mako guda, aka ɗaure haƙoran gaban da siririyar waya ta baya don su jingina da juna. Turmi ɗaya na ƙasa bai tsira ba, an cire shi. Abin da aka kashe, da kuɗin mota da na radiyo da na farmasi, ya tasam ma albashina na wata biyu. A zama na ƙarshe likita ta ce mini, «Malam, wannan ciwo ɗan gida ne. Duk wani yaro da ke cin tuwo a kwano ɗaya da ita, in ya balaga, a kawo mini shi.» Na sha wuya kafin in shawo kan yayarmu ta ba ni ɗanta mai shekara 15, don a cewarta yaro lafiyarsa lau, ana neman a ja masa ciwo da baki. Da aka zura ƙarfen, ko'ina 2 ne da 3, sai a turamen farko guda biyu aka sami 5. Zama ɗaya aka yi masa. Da aka sake aunawa bayan wata shida, sun koma 3.

Wushiryar kuwa tana nan, don ƙashi bai komo ba balle haƙora su koma mazauninsu. Ranar da na raka ta tasha za ta koma Maraɗi, wata dattijuwa da ke kujerar kusa da ita ta yi mata wata magana, ta yi dariya, dattijuwar ta dube ta ta ce, «Kai, ɗiyata, Allah ya yi miki wushirya!» Ƙanwata ta ce, «Na gode, Inna.» Ta ɗan yi shiru, sa'annan ta duƙa wajen jikar matar, wata budurwa da ke riƙe da asawaki a hannu, ta ce, «Ƙanwata, ara mini in ga kan asawakin nan naki.»